Kyanwa Mai Lamba Sha Bakwai

Wata uku ina ɗinke ɓawon ayaba
a teburin gidan haya,
ruwan saman Valdivia na dukan kwano ba hutu.
Ayaba ba ta numfashi.
In na ja zare ya yage, sai in cinye ta,
in ɓare wata, in sake kamo allura da hantsaki.

Kakata Rayen, can Niebla a bakin teku,
tana gyaran koma tana hira, ba ta ko duban hannunta.
Ta ɗaga ƙullina sama, ta yi dariya:
"Millaray, wannan ko jaririn kifi ba zai riƙe ba."

Ran Talata aka miƙo mini kyanwa,
baƙa wuluk, ƙafa ɗaya fara,
an kamo ta bayan kasuwar kifi.
Ba suna, sai lamba a takarda.
Kilo biyu da 'yar ɗoriya.
Na aske cikinta, na shafa aidin sau uku,
daga tsakiya zuwa gefe, kamar yadda aka ce.
Na'ura na ƙirga zuciyarta, ɗit, ɗit, ɗit,
tawa ta riga ta nisa.

Dakta Huenchullán na tsaye a kafaɗata,
hannuwa a harɗe.
Na ɗora wuƙa, na shafa, fata ko gezau.
Ta ce, "Izini kike nema? Yanka."

A littafi jijiya ja ce, wata shuɗiya,
kowace da kibiya da sunanta.
A nan komai launi ɗaya, komai na santsi.
Kuma ɗumin!
Shekara huɗu ba wanda ya faɗa mini
ɗumi zai ratso safar hannu ya same ni.

Na laluba har na kamo mahaifa,
siririya kamar taliya.
Na ɗaure, na yanke, na saki.
Sai jini ya fara tasowa a hankali,
yadda ruwa ke cika ramin yashi.
Na ɗago ido.
"Kada ki kalle ni," in ji ta,
"ba ni ke zubar da jini ba."

Na koma. Auduga, haske, Baltasar ja nan.
Ga ta can ta noƙe, tana tsartuwa.
Na datse ta.
Na ƙulla, na ƙara, na ƙara,
na ja har na ji zaren ya zauna,
wannan jin da kakata ta kasa faɗa da baki.

Auduga goma muka buɗe. Tara a faranti.
Ba wanda ya yi numfashi
sai da ta goma ta fito ƙarƙashin takalmin Baltasar.

Da la'asar Sha Bakwai ta farka cikin bargo,
ta dube ni, ta yi tsaki irin nasu,
ta zana mini layi uku a bayan hannu.
Ban taɓa karɓar lada mai daɗinsa ba.

Ran Juma'a kuwa Don Eleuterio ya shigo
da tsohon karensa a rungume, jiƙe sharkaf.
Ya haɗiye ƙugiya kwana huɗu da suka wuce.
Ni ƙarfen buɗe ciki kawai na riƙe.
Awa biyu. Dakta ta yi komai daidai,
ban ga kuskure ko ɗaya ba,
amma na'ura ta ja dogon sauti, ta ƙi saki.

Ta ce, "Rufe shi. Ki yi masa mai kyau."
Na ce a raina, wa zai gani?
Na ɗinke shi dai, ƙulli goma sha ɗaya, a jere.
Tsohon ya zo, ya bi su da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya,
kamar mai duba koma kafin asuba,
ya gyaɗa kai, ya naɗe shi cikin rigar ruwansa.

Da dare na tarar da ayaba biyu a tebur.
Na wanke hannu. Na zura zare.